Abdu Mumuni: Ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai kaya Yamai ya ji sunan Jami'ar Abdu Mumuni, ko da a bakin ɗan tasi ne. Amma kaɗan ne suka san mai sunan. Shi ba shugaban ƙasa ba ne, ba kuma attajiri ba. Malamin fizik ne, wato ilmin da ke bayanin zafi da haske da motsi da nauyi, kuma ya ƙare rayuwarsa yana neman yadda zafin ranar nan da muke kuka da shi a Garwa zai zama abin amfani.

An haifi marigayi Farfesa Abdu Mumuni Diyofo ranar 26 ga watan Yuni na 1929 a garin Tasawa, tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, daga nan aka tura shi Senegal, makarantar William Ponty, inda Faransa ke horar da malamai da akawu na ƙasashen da take mulka. Shi bai tsaya nan ba. Ya wuce Paris, kuma a 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a fannin fizik, jarrabawar da ko 'ya'yan Faransawa ke faɗuwa da yawa. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka rainon Faransa da ya ci ta a wannan fanni.

Mai irin wannan takarda a wancan zamani yana iya zamansa a Turai cikin rufin asiri. Shi kuwa sai ya dawo koyarwa a Dakar. Da mutanen Gini suka ƙi tayin Janar de Gaulle a 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, Abdu Mumuni na cikin malaman Afirka da suka tafi Konakiri don kada azuzuwa su zauna babu kowa. Daga baya ya yi shekaru a Tarayyar Sobiyet yana nazarin makamashin rana, sannan a 1964 ya sauka Bamako, ya kafa ɗakin bincike kan wannan fanni. A 1969 ya koma gida, ya karɓi ragamar hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, ya riƙe ta har 1985. A tsakani, a 1979, an ba shi shugabancin Jami'ar Yamai.

To, mene ne ainihin aikin nasa? Idan sama ta yi garau da tsakar rana, kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana samun ƙarfin haske da ya kai kusan wat 1,000. Wannan kyauta ce, babu kuɗin kwastan a kanta. Matsalar ita ce yadda za a kama ta.

Hanya ta farko kowa ya san tushenta. Baƙin abu yana shanye haske ya mai da shi zafi, fari kuwa yana mayar da mafi yawansa, shi ya sa ba a son baƙar riga a watan Afrilu. A samu akwati, a shimfiɗa baƙin ƙarfe a ciki, a bi da bututun ruwa a kansa, a rufe da gilashi. Haske zai ratsa gilashin ya shiga, amma zafin da ƙarfen ya ɗauka ba zai fita da sauƙi ba, kamar dai motar da aka rufe tagoginta a rana. Ruwan zafi bai kai na sanyi nauyi ba, don haka da kansa zai hau tankin da ke sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Ba famfo, ba wuta, ba itace. Irin waɗannan na'urorin ɗumama ruwa hukumarsa ta riƙa ƙerawa a Yamai. Da wannan hikima ce kuma aka yi na busar da kayan abinci, da na tace ruwa: rana ta tayar da tururi, ya taru a jikin gilashi ya gangaro a matsayin ruwa mai tsabta, gishiri da datti su zauna a ƙasa. Abin da ke faruwa ke nan tsakanin teku da gajimare kowace damina, sai dai shi a cikin akwati.

Hanya ta biyu ita ce ya fi zurfafawa a kanta, har ya samu babban digirinsa na dakta a Paris a 1967. Madubi ne mai lanƙwasa, siffarsa kamar farantin talabijin da muke kira parabol. Duk hasken da ya faɗo masa sai ya tattara shi wuri ɗaya, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin tabarau. A ɗora tukunya a daidai wurin, abinci ya dahu. A ƙara girman madubin, a samu tururin da zai juya inji ya jawo ruwa.

Amma irin wannan madubi yana da sharaɗi. Dole a riƙa juya shi yana bin rana, kuma yana son haske mai zuwa kai tsaye. Idan hunturu ya taso da ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙurar tana warwatsa hasken, sai ƙarfin madubin ya ragu ƙwarai, alhali baƙin akwatin nan yana ci gaba da aikinsa ko da a hankali ne. A ganina wannan na cikin dalilan da suka hana murhun rana shiga gidajenmu. Uwargida na ɗora tuwon dare ne bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi, kuma ba za ta tsaya cikin rana tsaka tana tuƙi ba.

Akwai abin da masu sayar da farantin sola a Mubi da Kusiri da Mbaibum ya kamata su rarrabe. Farantin da ke cajin waya ba zafi yake so ba, haske yake mayarwa lantarki kai tsaye. Hasali ma idan ya yi zafi sosai ƙarfinsa raguwa yake yi, don haka a bar masa sarari iska ta ratsa ta ƙarƙashinsa, a kuma riƙa share masa ƙura. Mu nan muna arewa da tsakiyar duniya da kamar digiri 9, shi ya sa a mafi yawan shekara rana ke karkata ta kudu, musamman a Disamba. Faranti ya ɗan kalli kudu ke nan. Ita wannan karkata ta samo asali ne daga yadda duniya ke jirkice da digiri 23 da rabi yayin da take zagaya rana.

Marigayin bai tsaya ga injuna ba. A 1964 ya fitar da littafinsa kan tarbiyya da ilmi a Afirka, inda ya soki makarantar da Turawan mulki suka bari, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunansu. Ra'ayinsa shi ne a ƙera kayan a gida, maƙeranmu su iya gyara su. A nan kam burinsa bai cika ba, domin galibin farantan da ke rumfunanmu daga Sin ake shigo da su.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga watan Afrilu na 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Allah Ya jiƙansa. A nan arewacin Kamaru, inda wutar lantarki ta daɗe tana dogara ga madatsar Lagdo da aka gama a 1982, wadda kuma ƙarfinta ke raguwa duk shekarar da ruwan Binuwai ya yi ƙasa, sai a 2023 aka ƙaddamar da manyan tashoshin sola guda biyu a Marwa da Gidar, kowacce mai ƙarfin megawat 15.