Langston Hughes, Mawaƙin Unguwar Harlem

A arewacin tsibirin Manhattan, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka, akwai wata unguwa da ake kira Harlem. Tun daga wajen shekarar 1910 baƙaƙen fata suka riƙa kwarara cikinta, mafi yawansu daga jihohin kudu inda dokokin wariya da kisan gilla suka hana su sakat, wasu kuma daga tsibiran Karibiyan. Kafin 1930 ta zama unguwar baƙar fata mafi suna a duniya. Marubuta da makaɗa da masu zane da yawa sun yi zamani a cikinta, amma babu wanda sunansa ya manne da nata kamar Langston Hughes. Dalili kuwa shi ne, ya ɗauki maganar da ake yi a titunanta da waƙar da ake rerawa a ɗakunanta ya sa su a takarda, sa'an nan ya mayar wa masu abu abinsu.

Shi kansa baƙo ne a unguwar. An haife shi a garin Joplin na jihar Missouri ranar 1 ga Fabrairu, 1901. An daɗe ana rubuta 1902, sai daga baya tsofaffin jaridu suka gyara lissafin. Iyayensa sun rabu tun yana ƙarami. Mahaifinsa ya yi ƙaura zuwa Meziko saboda takaicin wariya, sai kakarsa ta wajen uwa, Mary Langston, ta rene shi a garin Lawrence na jihar Kansas. Mijin wannan tsohuwa na fari yana cikin mutanen John Brown da aka kashe a 1859 wajen yunƙurin tayar da bayi, don haka yaron ya tashi cikin labaran mutanen da ba su sunkuyar da kai ba. Ya gama sakandare a birnin Cleveland a 1920. A wannan shekarar, yana cikin jirgin ƙasa kan hanyarsa ta zuwa wurin mahaifinsa, jirgin na ƙetare kogin Misisifi, ya rubuta waƙar da ta haɗa wannan kogi da Furatu da Kwango da Nilu a matsayin shaidun tarihin baƙar fata. Mujallar The Crisis, wadda W. E. B. Du Bois ke shugabanta, ta buga ta a 1921.

Mahaifin ya yarda ya biya masa kuɗin karatu bisa sharaɗin ya zama injiniya, sai ya shiga Jami'ar Columbia a 1921. Jami'ar tana maƙwabtaka da Harlem, kuma unguwar ta fi ajin jan hankalinsa. Bayan shekara guda ya bar karatun. A 1923 ya kama aikin hidima a wani jirgin ruwan dakon kaya da ya nufi Afirka ta Yamma. Jirgin na barin gaɓa ya watsa littattafansa cikin teku, don yana son ya ga duniya da idonsa. Ya ga Dakar da Legas da wasu tashoshi masu yawa, ya kuma sha mamaki da mutanen gaɓa suka ƙi yarda shi baƙi ne, saboda hasken fatarsa. A 1924 ya yi wanke-wanke a wani gidan rawa a Faris inda makaɗan jaz ƴan Amurka ke kwana suna kiɗa. Da ya koma gida ya yi aikin kwashe kwanuka a wani otal a birnin Washinton. A 1925 waƙarsa ta ci gasar mujallar Opportunity, a 1926 kuma littafinsa na farko, The Weary Blues, ya fito.

Harlem ta wancan zamani fuska biyu gare ta. Akwai ta baƙi masu kuɗi, irin gidan rawa na Cotton Club, inda baƙaƙe ke kiɗa da rawa amma Turawa kaɗai ake bari su zauna su yi kallo. Akwai kuma ta ƴan unguwa. Masu gidaje suna tsawwala wa baƙar fata kuɗin haya, tun da sun san ba za a ba su ɗaki a wasu unguwanni ba. Sai mutane suka ƙirƙiro bikin haya: wanda wata ya kusa ƙare masa ba kuɗi sai ya buga ɗan kati mai ɗango biyu masu amsa-amo, ya gayyato jama'a daren Asabar, ya samo mai kaɗa fiyano, a biya kuɗin shiga kaɗan, a sayi soyayyen kifi, a yi rawa har asuba. Abin da aka tara shi za a kai wa mai gida. Ƴan aikin gida da masu wanki da direbobi da masu goge takalma su ne mahalarta. Hughes bai cika rasa irin wannan taro ba, har ya riƙa tara katunan gayyatar yana ajiyewa. Ban da wannan akwai zauren A'Lelia Walker a titi na 136, inda marubuta ke haɗuwa, da ɗakin karatu na titi na 135, inda ake karatun waƙa a bainar jama'a, ake kuma wasan kwaikwayo a ɗakin ƙasa.

Daga waɗannan wurare ya samo kayan aikinsa. Waƙar buluz, wadda talakawan kudu suka zo da ita, baitinta ɗango uku ne: a faɗi na farko, a maimaita shi da ɗan sauyi, na uku ya ba da amsa da amsa-amo iri ɗaya. Hughes ya ɗauki wannan gini ya mai da shi rubutacciyar waƙa. Ya kuma bar masu magana a cikin waƙoƙinsa su yi ta da karin harshensu, wanda ke ninka korewa a jimla ɗaya, yake kuma sauke kalmar da ke haɗa suna da sifa, mai aiki irin na dirka a Hausa.

Wannan zaɓi bai zo masa da sauƙi ba. Kafin zamaninsa Turawa sun daɗe suna kwaikwayon maganar baƙar fata a dandali don a yi dariya, har marubuci James Weldon Johnson ya yi hukunci a 1922 cewa karin da ake rubutawa bai iya ɗaukar kome sai ban dariya da ban tausayi. Ƴan boko na baƙar fata suna ganin hanyar samun mutunci ita ce a rubuta daidaitaccen Ingilishi irin na manyan mawaƙan Ingila. Hughes ya ba su amsa cikin wata maƙala a mujallar The Nation a 1926, inda ya nuna cewa babban dutsen da ke tare hanyar mai fasaha baƙar fata shi ne kunyar mutanensa. Da littafinsa na biyu ya fito a 1927, cike da ƴan caca da masu gadi da matan da aka yaudara, jaridun baƙar fata da kansu suka yi masa ca, suna cewa ya tona asirin gida a gaban baƙi. Bai ja da baya ba.

Karyewar tattalin arziki ta 1929 ta watse da masu kuɗin da ke zuwa Harlem shaƙatawa. A 1930 ya ɓata da Charlotte Mason, attajirar Baturiyar da ke ɗaukar nauyinsa, wadda ke son ya riƙa rubuta abin da ita take ɗauka shi ne ruhin Afirka. Ya fita daga hannunta ba ko sisi, ya ƙudurta zai ci abinci da alƙalaminsa. A 1931 ya samu mota ya bi jihohin kudu yana karanta waƙoƙinsa a makarantu da majami'u, yana sayar da ƴan ƙananan littattafai masu araha. Ya je Tarayyar Sobiyat a 1932, ya kuma yi aikin jarida a yaƙin basasar Sifen a 1937.

Da ya dawo Harlem a 1938, shi da Louise Thompson suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo a wani bene a titi na 125. Sun sa mata sunan akwatin tafiya, don kayan wasan duka ba su fi cikin akwati ɗaya ba. Babu labule, ƴan wasan kuma mutanen unguwa ne masu aikin yini, shi ya sa a ƙarshen mako ake wasa. Wasan farko, wanda ya haɗa waƙoƙinsa da buluz da waƙoƙin majami'a ya ba da tarihin baƙar fata tun daga bauta, an nuna shi sau 135.

Daga 1942 ya samu shafi a jaridar Chicago Defender, a 1943 kuma ya ƙirƙiro Simple, wani ma'aikaci ɗan Harlem da ke zama a mashaya yana hira da abokinsa ɗan boko. Abokin na magana da daidaitaccen harshe, Simple na yi da na titi, kuma sau da yawa mai maganar titin ne ke da gaskiya. Fiye da shekara 20 masu karatu suna bin wannan hira. Daga 1948 Hughes ya zauna a gida mai lamba 20 a gabashin titi na 127, bai sake ƙaura ba, ko da yake da yawa cikin waɗanda suka samu suna sun bar unguwar. Ɗan filin da ke ƙofar gidan ya mai da shi lambun yaran layin, kowane yaro da shukarsa da sunansa. Littafinsa na 1951 hoton Harlem ne na bayan yaƙin duniya, an gina shi kan saurin kiɗan jaz na sabon yayi, jigonsa kuwa burin da aka yi ta ɗagawa.

A watan Maris na 1953 kwamitin Sanata McCarthy ya kira shi ya amsa tambayoyi kan waƙoƙin siyasa da ya rubuta a shekarun 1930. Ya nisanta kansa da wasunsu, abin da ya ɓata wa tsofaffin abokansa rai. Daga baya wasu matasan marubuta suka ce waƙarsa ta cika sauƙi. A Afirka kuwa darajarsa hauhawa ta yi. Senghor da Césaire da Damas sun karanta shi tun suna ɗalibai a Faris, sun kuma ɗauke shi cikin waɗanda suka share wa Négritude hanya. Shi ma ya tattara rubuce-rubucen ƴan Afirka ya buga a 1960 da 1963, ya halarci taron marubuta na Makerere a 1962, aka kuma karrama shi a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966.

Ya rasu a Niyok ranar 22 ga Mayu, 1967, bayan aikin tiyata. A daidai waɗannan shekaru masanin harshe William Labov da abokan aikinsa suna ɗaukar maganar samarin Harlem a faifai, kuma littafinsa na 1972 ya tabbatar da hujjojin nahawu cewa wannan kari yana da ƙa'idojinsa tsararru kamar kowane harshe. Abin da bincike ya tabbatar, kunnen mawaƙin ya riga ya ji shi shekara 40 kafin nan. A 1991 aka binne tokar gawarsa ƙarƙashin daɓen zauren Cibiyar Schomburg, wadda ta tsiro daga ɗakin karatun nan na titi na 135, aka zana koguna a kan daɓen don tunawa da waƙarsa ta koguna.