Louis Renault: Bafaranshen da ya mayar da birki cikin ganga

Duk wanda ya taɓa zama a garejin makanikai a unguwar masana'antu ta Omdurman ya san yadda ake buɗe tayar baya ta raksha, wato abin da Kanawa ke kira a-daidaita-sahu. Sai a kwance noti, a cire taya, a bubbuga wani ƙarfe mai kama da murfin tukunya har ya saki. A ƙarƙashinsa akwai ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, sifirin ya riƙe su. Wannan shi ne birki mai ganga, wanda makanikan Najeriya ke kira dirom, na Nijar kuma tambur. Shi ke tsayar da raksha a titunan Khartoum, shi ne kuma a ƙarƙashin yawancin manyan motocin da ke jigilar dawa, riɗi da dabbobi a faɗin Sudan. Mutumin da ya yi wa wannan tsari rajista a 1902 shi ne Louis Renault, wanda ya rayu yana attajirin masana'antar Faransa, ya kuma mutu yana tsare bisa zargin haɗa kai da abokan gaba.

Ɗan mai sayar da yadi

An haifi Louis Renault a birnin Paris a watan Fabrairun 1877. Mahaifinsa Alfred ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, yana sana'ar yadi da maɓallai. An sa yaron a makarantar Condorcet, amma karatun aji bai shiga ransa ba. Hankalinsa na wajen injuna. Yakan je wajen aikin Léon Serpollet, mai ƙera motocin da ke tafiya da tururi, sannan ya mayar da wata 'yar rumfa a gidan iyayensa na Billancourt, a bakin kogin Seine, ta zama wurin gwaje-gwajensa.

A 1898, yana da shekara 21, ya ɗauki wani keke mai taya uku da inji na kamfanin De Dion-Bouton ya mayar da shi ƙaramar mota mai taya huɗu. Motocin lokacin da sarƙa ko bel suke juya taya. Shi kuwa sai ya haɗa giya mai hawa uku da wani sandan ƙarfe da ke kai ƙarfin inji kai tsaye ga tayoyin baya. Daren 24 ga Disambar shekarar ya ci caca da abokai, inda ya hau titin Lepic mai tsananin tudu a unguwar Montmartre da wannan 'yar mota. Kafin gari ya waye mutane fiye da goma sun ce a ƙera musu irinta. A watan Fabrairun 1899 yayyensa biyu, Marcel da Fernand, suka zuba jari aka kafa kamfanin Renault Frères, wato 'yan'uwan gidan Renault.

Gudu ya samu, tsayawa ta gagara

Motocin farko sun gaji birkinsu ne daga keken doki: guntun katako da direba ke dannawa a jikin taya da sanda. Da aka koma tayar roba mai iska, katakon ya zama ɓarna, don cinye robar yake yi. Sai aka koma ɗaura wani ɗamara a bayan wani zagayayyen ƙarfe da ke juyawa tare da taya, idan an ja sai ta shaƙe shi. Wannan ma da tasa matsalar. Ɗamarar a fili take, ruwa da taɓo da ƙura duk suna samun ta, tana saurin cinyewa, kuma idan mota ta fara gangarowa da baya a kan tudu sai riƙon ya sassauta.

Injiniyoyi da dama sun yi ta neman mafita. A Jamus, Wilhelm Maybach ya riga ya sa wani nau'in birkin ganga a motar Daimler a farkon ƙarnin, kuma a cikin 1902 ɗin Frederick Lanchester ya yi rajistar birki mai faifai a Ingila. Abin da Renault ya yi wa rajista shi ne juya tsarin: maimakon a shaƙe gangar daga waje, sai a tura ta daga ciki. Wannan tsari ne masu ƙera motoci suka bi har tsawon rabin ƙarni.

Yadda gangar ke aiki

Gangar tana ɗaure da taya, tare suke juyawa. A bayanta akwai faranti da ba ya motsi, a kansa ne aka ɗora ƙarafan nan biyu da makanikai ke kira shu, kowanne an manna masa lainin, wato abin da ke gogar ƙarfe. Idan direba ya taka birki, wani ɗan ƙarfe da ke tsakanin bakunan shu biyun yakan juya ya buɗa su, su matse cikin gangar, gogayyar ta mayar da gudun mota zafi. Da ya ɗaga ƙafa sai sifirin ya janyo su su koma mazauninsu.

Akwai wata fa'ida da ke cikin siffar kanta. Juyawar gangar tana fizgar ɗaya daga cikin shu biyun tana ƙara cusa shi a jikinta, saboda haka ɗan ƙarfin ƙafa kan haifar da riƙo mai yawa. Ɗayan kuwa juyawar ture shi take yi. Shi ya sa makaniki kan tarar da shu ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa, kuma idan mota na tafiya da baya sai su yi musayar aiki. A zamanin da babu na'urar da ke taimaka wa ƙafar direba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A motocin farko sanduna da wayoyi ne ke kai umarnin direba ga birki. Daga baya Ba'amurke Malcolm Loughead ya fito da birkin da ke aiki da matsin mai, kuma a 1921 motar Duesenberg ta zo da shi a tayoyi huɗu. Kafin ƙarshen shekarun 1930 ya bazu, ƙaramar silinda ta karɓi aikin buɗa shu. Manyan motoci kuma suka koma amfani da iska. Amma ganga da shu biyu suna nan yadda suke.

Rasuwar Marcel

A wancan zamani tseren mota shi ne talla. Louis da Marcel da kansu suke tuƙi, kuma Marcel ne ya lashe tseren Paris zuwa Vienna a 1902. Shekara guda bayan haka, ranar 24 ga Mayun 1903, aka tashi tseren Paris zuwa Madrid a kan hanyoyi masu ƙura, jama'a sun yi dafifi a gefe. Motar Marcel ta ƙwace a wata kwana kusa da Couhé-Vérac, ya rasu bayan kwana biyu. Rayukan da aka rasa a ranar sun sa hukuma ta dakatar da tseren a Bordeaux. Louis bai sake shiga tsere da kansa ba, ko da yake motar kamfaninsa ce, a hannun direba Ferenc Szisz, ta lashe babbar gasar Grand Prix ta farko a 1906. Fernand ya janye saboda rashin lafiya, ya rasu a 1909, kamfani ya koma hannun Louis shi kaɗai.

Daga tasi zuwa tankar yaƙi

Arzikin kamfanin ya haɓaka ne da kwangilar tasi. Daga 1905 motocinsa suka fara cika titunan Paris, kuma a watan Satumbar 1914 ɗaruruwan irin waɗannan tasi ne suka kwashi sojoji zuwa fagen daga na Marne. A yaƙin duniya na ɗaya masana'antarsa ta ƙera harsasai, manyan motoci da injinan jirgin sama, sai kuma ƙaramar tanka samfurin FT mai kan bindiga da ke juyawa ko'ina, wadda ta shiga yaƙi a 1918. Ya fito daga yaƙin da suna da lambar girma. A shekarar ce kuma ya auri Christiane Boullaire, suka haifi ɗa ɗaya, Jean-Louis, a 1920.

Motocinsa sun iso Afirka ta Yamma tare da mulkin mallaka. A 1924 ayarin Gaston Gradis ya ƙetare Sahara daga Colomb-Béchar zuwa kogin Kwara a motocin Renault masu taya shida, domin buɗe hanyar da za ta haɗa Aljeriya da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka. A gida kuma ya gina katafariyar masana'anta a tsibirin Seguin da ke tsakiyar Seine, wadda ta fara aiki a 1929.

Tsakaninsa da ma'aikata kuwa ba a sha inuwa ɗaya ba. Bayan ya ziyarci Amurka a 1911 ya ga masana'antar Henry Ford, ya shigo da tsarin auna aikin kowane lebura da agogo, abin da ya jawo yajin aiki a 1913. An san shi da zafin rai da son komai ya bi ta hannunsa. A 1936 ma'aikata sun mamaye masana'antarsa, a watan Nuwambar 1938 kuma 'yan sanda suka fitar da masu yajin aiki da ƙarfi, aka kori ɗaruruwa. Wannan gaba ta jira shi a gaba.

Mamaya da gidan kaso

Lokacin da sojojin Jamus suka shiga Paris a watan Yunin 1940, Renault yana Amurka, inda gwamnati ta tura shi kan batun ƙera tankoki. Ya dawo ya tarar da masana'antarsa ƙarƙashin kulawar Jamusawa. Aiki ya ci gaba, kuma dubban manyan motocin da aka ƙera sun tafi ga rundunar Hitler. Saboda haka jiragen Birtaniya suka yi wa Billancourt ruwan bama-bamai daren 3 ga Maris 1942, ɗaruruwan fararen hula suka mutu, na Amurka kuma suka dawo a watan Afrilun 1943. Kowane karo sai ya sake gina wurin.

Masu kare shi sun ce da ya rufe masana'antar da an kwashe injuna da ma'aikata zuwa Jamus. Masu sukarsa sun ce ya fifita masana'anta a kan ƙasa, kuma ya ci riba da abokan gaba. Bayan 'yantar da Paris aka kama shi ranar 23 ga Satumbar 1944, aka kai shi gidan yarin Fresnes. Yana da shekara 67, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, magana ma tana yi masa wuya. Aka mayar da shi asibiti, ya rasu ranar 24 ga Oktoba, ba a kai ga gurfanar da shi gaban kotu ba. Takardun hukuma sun danganta mutuwar da gubar da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza, matarsa kuwa ta dage har ƙarshe cewa dukan da aka yi masa a kurkuku ne sanadi. An binne shi a Herqueville.

Ranar 16 ga Janairun 1945 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Janar de Gaulle ta mayar da kamfanin mallakar ƙasa, ba tare da biyan diyyar kasonsa ba. Marius Berliet, wanda direbobin Agadez da Damagaram suka san manyan motocinsa, shi ma an zarge shi da irin wannan laifi, an yi masa shari'a an same shi da laifi, amma daga baya kamfanin ya koma hannun iyalinsa. Jikokin Renault sun kai ƙara a 2011 suna ƙalubalantar ƙwacen, kotun Paris ta ce ba ta da hurumin sauraro. Har yau masana tarihin Faransa ba su daina jayayya a kansa ba.

Abin da ya rage a ƙarƙashin mota

Birkin ganga yana da rauni guda babba, shi ne zafi. Da yake a rufe yake, zafin ba ya saurin fita. A doguwar gangara gangar kan buɗe ta yi nesa da shu, lainin ya rasa riƙo, direba ya taka har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Wannan ne ya buɗe wa birki mai faifai ƙofa: Jaguar ta lashe tseren Le Mans da shi a 1953, Citroën DS ta zo da shi a tayoyin gaba a 1955, kamfanin Renault kansa ya sa shi a tayoyi huɗu na samfurin R8 a 1962.

Duk da haka gangar ba ta mutu ba, domin tana da arha, tana jure ƙura, tana da saukin haɗawa da birkin hannu, kuma ana iya gyara ta da kayan aiki kaɗan. A Sudan, tsofaffin motocin Bedford da ake kira sifinja, waɗanda maƙeran ƙasar suka yi suna wajen sake musu gini su ɗauki kaya fiye da yadda aka tsara su a Ingila, da birkin ganga suke ratsa yashi. A kan manyan motoci ne kuma alhazan ƙasar Hausa da yawa suka bi hanyar Maiduguri, Abeche, El Geneina da El Obeid zuwa Khartoum a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, wasu suka wuce Makka, wasu suka zauna suka yi zuriya. Ko a yau wasu motocin lantarki, irin su Volkswagen ID.3, ganga ce a tayoyinsu na baya.

Ga direban da ke sauka daga tsaunukan Bahar Maliya tsakanin Sinkat da Suakin da kaya maƙil, ƙa'idar ba ta canza ba tun zamanin Renault: a saka ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe mota, kada a ɗora ƙafa a kan birki har ganga ta yi zafi, kuma duk kayan da aka ƙara a kan ƙima zafi ne aka ƙara wa birki. Ga makaniki kuma, shekaru da dama ana yin lainin da asbestos, ma'adinin da ƙurarsa ke haddasa ciwon huhu da kansa, har yanzu kuwa ana iya samunsa a tsofaffin kaya da masu arha. Gara a jiƙa ƙurar cikin ganga a goge da tsumma da a hure ta da iska.

Masana'antar tsibirin Seguin ta daina aiki a 1992, an kuma rushe ta. Sunan Renault na nan a gaban miliyoyin motoci, kamfanin kuwa ya bar hannun zuriyarsa tun 1945. Ganga da shu biyun da ya yi wa rajista yana da shekara 25 su ne har gobe yaran gareji ke fara koyon kwancewa a Omdurman, Kano da Maraɗi.