Sarkin Musulmi Attahiru da Tutarsa

Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ne, ɗan Atiku, ɗan Shehu Usmanu. An naɗa shi Sarkin Musulmi cikin watan Oktoba 1902. Bai ko cika wata shida bisa gado ba Turawa suka taso. Suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka nufi Sakkwato.

Ran 15 ga Maris aka gwabza a filin Giginya. Da runduna ta watse, waɗansu mazaje suka tsaya gindin tutar Sarkin Musulmi, suka ƙi gusawa har harsashi ya ƙare su. Attahiru kuwa bai yarda da zama ƙarƙashin Nasara ba, ya yi hijira gabas. Duk garin da ya ratsa sai talakawa su bar gonakinsu su bi shi, abin da ya fi ta da hankalin Turawa ke nan. A Burmi suka cim masa, ya yi shahada ran 27 ga Yuli, Allah ya ji ƙansa. Ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan.

Tuta ta faɗa hannun soja, suka riƙe ta ganima shekara 57. Ko a Turai haka abin yake: har yanzu jikokin Yahudawa suna bin sawun zane-zanen da mutanen Hitila suka ƙwace wa kakanninsu. Sai cikin 1960, shekarar mulkin kai, aka mayar da tutar Sakkwato, aka danƙa wa Sarkin Musulmi Abubakar.