ABDURRAHMAN ƊAN AUFU: BAƘON DA YA NEMI A NUNA MASA HANYAR KASUWA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai arzuta bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, musamman ku da kuka gama jami'a kuka dawo daga bautar ƙasa, ga takarda a hannu, aiki kuwa shiru. Mun san halin da kuke ciki. Wani ya shekara biyu yana zagayen ofis-ofis, wani ya koma zaman majalisa yana jiran kawu ya yi masa hanya. To ku saurari tarihin wani bawan Allah da ya shiga baƙon gari hannu wofi, ya bar duniya yana cikin manyan attajiran Musulmi, kuma yana cikin mutum goma da aka yi wa bushara da Aljanna tun suna raye. Shi ne Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi.

ASALINSA DA MUSULUNTARSA

An haife shi a Makka kimanin shekara goma bayan Shekarar Giwa. Baƙuraishe ne daga Banu Zuhra, dangin Amina mahaifiyar Manzon Allah (S.A.W.). Sunansa na jahiliyya Abdu Amru, Annabi ne ya sauya masa da Abdurrahman. Ya musulunta ta hannun Abubakar Siddiƙu tun farkon al'amari, ana lissafa shi cikin mutum takwas na farko. Ya sha wuyar Ƙuraishawa, ya yi hijira zuwa Habasha, daga baya ya yi hijira zuwa Madina a shekara ta 622 Miladiyya. A lokacin ya haura shekara 40. Ku riƙe wannan adadi, ku da kuke ganin kun makara alhali ba ku cika talatin ba.

RANAR DA YA ƘI KARƁAR RABIN DUKIYA

Da aka isa Madina, Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru. Abdurrahman aka haɗa shi da Sa'adu ɗan Rabi'u, ɗaya daga cikin masu dukiyar garin. Sa'adu ya yi masa tayin da ba a saba jin irinsa ba: zai raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi, kuma ya dubi matansa biyu ya zaɓi ɗaya, shi kuwa ya sake ta, in ta gama idda ya aura. Buhari ne ya ruwaito wannan.

Jama'a, ku sa kanku a matsayinsa. Baƙo ne, ba gida, ba jari, kyautar kuma halal ce, ba wanda zai zarge shi in ya karɓa. Amma sai ya yi wa Sa'adu addu'ar albarka a cikin iyalinsa da dukiyarsa, ya roƙi abu guda tak, a nuna masa inda kasuwa take. Aka nuna masa kasuwar Banu Ƙainuƙa'a. Ya shiga da safe, bai dawo ba sai da ɗan abin da ya samu na cuku da man shanu. Kashegari ya koma, jibi ma ya koma.

Ku lura fa, bai raina taimakon ɗan'uwansa ba. Ya karɓi irin taimakon da zai tsai da shi da ƙafarsa, don da ɗan gari akan ci gari. Kyautar da ya bari kuwa ya san guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kuma ku dubi hajar da ya fara da ita. Baƙuraishe, ɗan manyan gida, yana cinikin cuku da man shanu a kasuwar Yahudawa, bai ce wannan ya yi masa ƙanƙanta ba.

Ba a daɗe ba sai ga shi gaban Annabi da alamar turare rawaya a jikinsa. Aka tambaye shi, ya faɗi cewa ya auri wata mace daga Ansaru, sadakinta zinariya ce nauyin ƙwallon dabino. Annabi ya umurce shi da ya yi walima ko da akuya ɗaya ce. Da guminsa ya yi aure, daidai ƙarfinsa. Ina wannan, ina akwatunan lefe da bidi'o'in biki da suke jefa saurayi cikin bashi tun kafin amarya ta tare?

YADDA YAKE CINIKI

Imamul Gazali ya kawo a Ihya'u cewa an tambayi Abdurrahman sababin wadatarsa, ya ambaci abu uku. Bai taɓa mai da riba ba komai ƙanƙantarta. Ba a taɓa taya dabbarsa ya riƙe ta yana jiran farashi ya hau ba. Kuma ba ya sayar da kaya bashi. An ce ya taɓa sayar da raƙumi 1,000 a kan kuɗin da ya saye su, bai ci komai ba sai igiyoyin dabaibayinsu, ya sayar da kowace igiya dirhami ɗaya, ya tashi da dirhami 1,000.

To hikimar ke nan. Ƙaramar riba a kan kaya mai saurin fita ta fi babbar riba a kan kayan da ya kwanta, domin jarin da yake juyawa sau goma a wata ya fi wanda ya juya sau ɗaya. Bashi kuwa, ku tambayi duk wanda ƙaramin jarinsa ya karye, yawanci a hannun 'yan'uwa da abokai ya narke.

Yana kuma rubuta yarjejeniya. Buhari ya ruwaito cewa ya yi takarda tsakaninsa da Umayya ɗan Halaf, mushiriki, a kan Umayya ya kula masa da abin da ya bari a Makka, shi kuma ya kula da na Umayya a Madina. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Kai da ka yi shekara huɗu kana riƙe biro, ba ka da uzurin haɗa jari da abokinka da fatar baki.

KASUWA BA TA HANA SHI ADDINI BA

Ya halarci Badar a shekara ta 2 bayan Hijira. A Uhudu, shekara ta 3, ya tabbata tare da Annabi, ya fito da rauni wajen ashirin, haƙoransa na gaba suka zube, ya rinƙa ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. A ranar ne ɗan'uwansa Sa'adu ya yi shahada. A shekara ta 6 Annabi ya naɗa masa rawani da hannunsa, ya shugabantar da shi a kan runduna zuwa Dumatul Jandal. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9, ya limanci mutane sallar Asuba, Annabi ya iso ya bi shi raka'a ɗaya, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Ilmi ma ba a bar shi a baya ba. Lokacin da Halifa Umar ya nufi Sham aka tarye shi da labarin annoba, sahabbai suka saɓa a kan a shiga ko a koma, Abdurrahman ne ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta faɗa wa da fita daga cikinta don gudu. Da Umar ya sa shi cikin mutum shida na shawara a shekara ta 23, sai ya cire kansa daga neman halifanci, ya kwana uku yana jin ra'ayin mutanen Madina, sa'annan ya yi wa Usman mubaya'a. Ga kujera mafi girma a gabansa, ya bar ta, mu kuwa yau ana ba da cin hanci don a samu ƙaramar kujera a ofis.

DUKIYA A HANNU, TSORON ALLAH A ZUCI

Masu tarihi sun ce mutanen Madina kamar iyalinsa suke: kashi ɗaya yana ba su rance, kashi ɗaya yana biya musu bashi, kashi ɗaya yana yi musu kyauta. Kun ga ashe ya raba ciniki da taimako, kowanne da aljihunsa. Ya yi wa Uwayen Muminai wasiyya da gona. Ya yi wasiyya a ba kowane mutumin Badar da ya rage dinari 400, su kuwa wajen 100 ne.

Akwai labarin da masu wa'azi suke yawan kawowa, wai zai shiga Aljanna da rarrafe saboda yawan dukiyarsa. Malaman hadisi sun tabbatar bai inganta ba, a daina yaɗa shi. Abin da ya inganta a Buhari shi ne, wata rana yana azumi aka kawo masa abinci, sai ya tuna da Mus'abu ɗan Umairu, wanda aka kashe a Uhudu ba a samu likkafanin da zai rufe shi ba sai mayafi guda, in an rufe kai ƙafa ta fito, in an rufe ƙafa kai ya fito. Ya tuna da Hamza. Ya ji tsoron kada a ce ladansu ne aka gaggauto musu a duniya. Ya yi ta kuka har ya bar abincin.

Ya rasu a shekara ta 32 bayan Hijira yana da kimanin shekara 75, aka binne shi a Baƙi'a. An ruwaito cewa kowace daga cikin matansa huɗu ta sami 80,000 na kuɗin lokacin. Su huɗun tumuni suka raba, wato kowace ta ɗauki ɗaya bisa 32. Ku yi lissafi, gadon ya haura miliyan biyu da rabi. Mafarinsa cuku da man shanu.

NASIHA GA MATASA

Ya ɗan'uwa, ba mu ce ka jefar da takardarka ba. Ka ci gaba da neman aikin da ka karanta, amma kada ka zauna jiransa. Ka nemi wanda zai nuna maka hanyar kasuwa, ko a Kantin Kwari ne, ko Dawanau, ko shagon gyaran waya na unguwarku. Ka yi haƙuri da zama yaron shago har ka san kan sana'a. Ka fara da ɗan abin da ke hannunka, ka raba jari da kuɗin cefane, ka rubuta shige da fice kullum.

Ka nisanci bashi da ruwa, na banki ne ko na manhajar waya, domin Allah Ya shelanta yaƙi da masu cin kuɗin ruwa. Ka nisanci cacar ƙwallo da masu alkawarin ninka maka kuɗi cikin wata guda. Kada ka kai wa boka ko ɗan tsibbu sisinka don layar kasuwa ko ta samun aiki, wannan hanyar shirka ce, Abdurrahman kuwa da sammako da gaskiya ya nema. Ban da algus, ban da tauye mudu. In Allah Ya buɗa, dukiyarka ta kai nisabi ta shekara, ka fitar da ɗaya bisa arba'in, ka kuma kama hannun wani ka nuna masa hanya kamar yadda aka nuna maka.

Allah Ya yarda da Abdurrahman ɗan Aufu da sauran sahabbai baki ɗaya. Allah Ya arzuta mu da halal, Ya tsare mu daga haram, Ya tabbatar da mu a kan Sunna. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.