Abu Raihan al-Biruni: Malamin da Ya San Iyakar Ma'auninsa

An haifi Abu Raihan Muhammad ɗan Ahmad al-Biruni, Allah Ya jiƙan sa, a shekarar 973 Miladiyya a Khwarizm, yankin da ke cikin Uzbekistan a yau. Tun yana ɗan shekara 17 ya fara auna tsayin rana a sararin sama don gano matsayin garinsu, Kath, a doron ƙasa. A 997 suka yi alkawari da Abul Wafa, masanin taurari na Bagadaza, kowa ya lura da husufin wata daga garinsa. Da suka gwama lokutan, sai suka sami tazarar kusan awa ɗaya tsakanin garuruwan biyu.

A 1017 Sarki Mahmud na Ghazna ya ci Khwarizm, ya tafi da shi. A wannan zamani ne ya fuskanci wata tsohuwar matsala. Kusan shekara 200 kafin nan, Halifa Ma'amun ya aika masana su auna tsawon digiri ɗaya na kewayen duniya, amma riwayoyi suka saɓa: wata ta ce mil 56, wata ta ƙara sulusi biyu a kai. Biruni ya ƙudura sai ya auna da kansa. A Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna tsayin wani dutse, ya hau kansa, ya auna yadda bakin sararin sama ya sunkuya ƙasa da idonsa, ya sami kashi 34 cikin 60 na digiri ɗaya. Da wannan ya lissafa girman duniya, sakamakonsa kuwa ya zo dab da na mutanen Ma'amun.

Kusurwa ƙarama irin wannan tana da haɗari, domin kuskuren kashi ɗaya tak cikin 34 ɗin nan yakan sauya sakamakon da kusan kashi 6 cikin 100. Biruni ya san raunin kayan aikinsa, don haka ya ɗauki awonsa a matsayin shaida mai ƙarfafa nasu, ya kuma fifita nasu saboda kayansu sun fi nasa inganci. Abin da ɗalibanmu na kimiyya ke koya ke nan a yau: a maimaita awo, a rubuta sakamako tare da iyakar kuskurensa.

Ya kammala littafinsa Tahdid Nihayat al-Amakin a 1025, kuma daga cikin manufofinsa akwai tantance alƙiblar Ghazna. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Daga Danchadi, Bodinga ko Shagari, Makka tana gabas maso arewa, kimanin digiri 71 daga arewa, kuma karkacewar digiri ɗaya kan kauce mata da kusan kilomita 60. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wanda yake nesa jiha aka ɗora masa ya fuskanta, don haka kada waswasi ya kama kowa. Sai dai mai aza harsashin masallaci ya kamata ya auna fiye da sau ɗaya, ya nisanta kamfas daga ƙarfe, ya kuma gwada da inuwar rana.

Biruni ya rasu a Ghazna wajajen 1050. Awo amana ce, a ɗakin gwaji ko a bakin mudu da sikeli, kuma faɗin iyakarsa yana cikin cika ta. Allah Ya sa mu cikin masu cika ma'auni, amin.