Musa Ɗan Maimun: Malamin Attaura Da Ya Ƙi Cin Abinci Da Karatu

An haifi Musa ɗan Maimun a birnin Kurɗuba na ƙasar Andalus wajen shekarar 1138. Mahaifinsa alƙali ne na al'ummar Yahudawa, kuma a gabansa ya fara karatun Attaura. Yana da kimanin shekara goma Muwahhidawa suka ci birnin a 1148, suka hana Yahudawa da Nasara yin addininsu a fili. Daga nan iyalin suka shiga yawon hijira. Sun zauna a Fas, suka bar ta a 1165, suka ratsa Falasɗinu, daga bisani suka yada zango a Fustat ta ƙasar Masar.

A cikin wannan halin ƙaura ne ya rubuta sharhinsa a kan Mishna, watau kundin dokokin da malaman Yahudawa suka gada da ka kafin a rubuta su, ya kammala a 1168. Da Larabci ya yi shi, amma da baƙaƙen Ibrananci, kusan yadda ake rubuta Hausa da ajami, domin Larabci ne harshen da jama'arsa ke ji.

Abin da ya fi damun Musa shi ne nisan da ke tsakanin talaka da ilmin addininsa. Talmud, inda aka tattara muhawarar malamai a kan Mishna, kogi ne mai faɗi. Mutum kan shekara yana bin gardama bai kai ga hukunci ba. Saboda haka ya ɗauki kimanin shekara goma yana tace dokokin baki ɗaya, ya tsara su littafi goma sha huɗu cikin sassauƙan Ibrananci, ya sa wa aikin suna Mishne Tora. A ciki ya nuna karatun Attaura wajibi ne a kan kowane namiji Bayahude, mawadaci ko mabaraci, yaro ko tsoho, ya kuma ba da shawarar a kasa lokacin karatu kashi uku: Littafi, da hukunce-hukuncen da aka gada, da zurfafa tunani a kansu. Bai tsira daga suka ba. Malam Ibrahim ɗan Dawuda na kudancin Faransa ya zarge shi da kawo hukunci ba tare da faɗin inda ya samo ba, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya, don malaman baya sun sha wahala wajen nemo madogararsa.

Ra'ayinsa mafi tsauri shi ne bai halatta malami ya mai da karatun Attaura hanyar cin abinci ba. Da farko hakan bai yi masa wuya ba, domin ƙanensa Dawuda, ɗan kasuwar duwatsu masu daraja, shi ke riƙe da gidan. Sai Dawuda ya nutse a teku kan hanyar Indiya, tare da dukiyar iyalin. Musa ya kwanta ciwo kusan shekara guda saboda baƙin ciki. Da ya miƙe, maimakon ya sassauta ra'ayinsa ya karɓi albashi daga jama'a, sai ya kama aikin likita, har ya kai ga duba Alƙali Fadil, wazirin Salahuddin.

A wata wasiƙa ta 1199 ya bayyana yadda yake sammako zuwa fada a Alƙahira, ya komo da rana ya tarar da majinyata sun cika zaure, yana ba da magani har dare, wani lokaci a kishingiɗe don gajiya. Ranar Asabar kaɗai yake samu ya karantar da jama'arsa. Duk da haka, wajen 1190 ya gama Dalalatul Ha'irin, wanda ya yi domin ɗaliban da falsafar Aristotal ta jefa cikin kokwanto game da nassi.

Ya rasu a Fustat a 1204, kuma kabarinsa yana Ɗabariyya. Har yau ana nazarin Mishne Tora a makarantun Yahudawa, galibi da gyare-gyaren Ibrahim ɗan Dawuda a gefen shafi.