Mary Anning: 'Yar Kafintar da ta Tono Ƙasusuwan Dauri

A kudancin Ingila, cikin gundumar Dorset, akwai wani ƙaramin gari a bakin teku da ake kira Lyme Regis. Kowace shekara dubban masu yawon buɗe ido daga ƙasashe dabam-dabam sukan sa shi cikin jerin wuraren da za su ziyarta lokacin hutu, su fita bakin ruwa tare da 'ya'yansu suna duba duwatsu ko za su dace da wanda ke ɗauke da surar wata halittar dauri. Wadda ta jawo wa garin wannan suna wata matalauciya ce, 'yar kafinta, wadda ba ta taɓa zama a babbar makaranta ba. Sunanta Mary Anning.

Masana ilmin ƙasa da duwatsu sun bayyana cewa kimanin shekara miliyan 200 da suka shige teku ce ta rufe wannan yanki. In wata dabba ta mutu sai ta nutse cikin laka, laka ta binne ta, a kwana a tashi lakar ta daskare ta zama dutse, ƙasusuwan da ke ciki su ma su rikiɗe su zama dutse. Wannan laka ce ta zama dogayen gaɓoɓin da suka kewaye garin. Da hunturu ruwan sama da igiyar teku sukan zaftare su, abin da ke ɓoye ya fito fili, amma in ba a hanzarta ɗauka ba teku ta tafi da shi.

An haifi Mary ran 21 ga watan Mayu, 1799. Mahaifinta Richard Anning kafinta ne. Cikin 'ya'ya 10 da aka haifa a gidan, ita da wanta Joseph kaɗai suka rayu har suka girma. Ita ma da kyar ta sha, domin a shekarar 1800, tana 'yar wata 15, tsawa ta faɗa kan wata bishiya ta kashe mata 3 da ke ƙarƙashinta, har da wadda ke riƙe da ita, amma jaririyar ta farfaɗo. Iyakar ilmin da ta samu shi ne karatu da rubutu a makarantar ran Lahadi ta cocinsu.

A wannan zamani yaƙe-yaƙen da ake yi da Faransa sun hana attajiran Ingila ƙetarawa sauran ƙasashen Turai yawon shan iska kamar yadda suka saba, saboda haka suka karkata zuwa garuruwan bakin teku na ƙasarsu. Richard ya ga hanyar samun ƙarin abin masarufi. Yakan tafi gindin gaɓa da 'ya'yansa su tsinto duwatsu masu siffar dodon koɗi, su wanke su, su baza a kan tebur baƙi su saya don tsaraba. A nan Mary ta koyi sana'ar da ta riƙe har ƙarshen ranta.

A watan Nuwamba, 1810, Richard ya rasu bayan ya yi fama da tarin fuka da kuma raunin da ya ji sa'ad da ya faɗo daga kan gaɓa. Ya bar iyalinsa da bashi, har ta kai su ga karɓar taimakon da ake ba matalauta. Mary tana da shekara 11 a lokacin.

A shekarar 1811 Joseph ya tsinci wani ƙoƙon kai mai tsawon ƙafa 4, mai dogon baki cike da haƙora, mutanen gari suka zaci na kada ne. Mary ta yi ta bin wurin har cikin 1812 ta gano sauran gangar jikin. Da aka haɗa, tsawon dabbar ya kai ƙafa 17. Wani mai faɗa-a-ji a yankin, Henry Henley, ya saye ta a kan kimanin fam 23, daga baya aka kai ta Landan aka nuna wa jama'a. Masana suka tabbatar ba kada ba ce, ba kuwa kifi ba, suka raɗa mata suna Iktiyosoras, watau ƙadangare mai kama da kifi.

Wannan abu ya ta da muhawara, domin a lokacin mutane da yawa a Turai ba su yarda cewa akwai wani jinsin dabba da ya taɓa rayuwa sa'an nan ya ƙare ƙurmus ba. Ga shi kuwa an fito da dabbar da babu irinta a ko'ina cikin duniya.

Duk da haka talauci bai saki gidan ba. A shekarar 1820 wani hafsan soja mai sayen kaya wurinsu, Laftanar-Kanar Thomas Birch, ya tarar suna shirin sayar da kayan ɗaki don biyan kuɗin haya. Tausayi ya kama shi, ya yi gwanjon duwatsun da ya tara a Landan, aka sami kimanin fam 400, ya taimaka musu da kuɗin. Gwanjon ya kuma sa masana na ƙasashen waje suka san da zaman gidan Anning.

A watan Disamba, 1823, Mary ta tono abin da ya fi na farko ban mamaki: cikakken ƙwarangwal na wata dabbar ruwa mai ɗan ƙaramin kai da dogon wuya mai gaɓoɓi 35, wadda ake kira Filesiyosoras. Da zanenta ya isa Faris, Georges Cuvier, wanda a lokacin babu kamarsa a sanin ƙirar jikin dabbobi, ya yi shakka, yana ganin an haɗa kan wata dabba ne da jikin wata. Da zargin ya tsaya, da kasuwar Mary ta mutu. Amma da aka bincika sosai sai gaskiya ta yi halinta, Cuvier ya janye maganarsa. A taron Ƙungiyar Masana Ilmin Ƙasa ta Landan na shekarar 1824, William Conybeare ya gabatar da dabbar, aka yi ta yaba masa, bai ko ambaci sunan wadda ta tono ta ba.

Haka al'amarin ya ci gaba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ƙungiyar ba ta karɓar mata, ba ta kuwa fara ba sai 1919. Masana sukan zo Lyme Regis, Mary ta kai su gaɓa, ta bayyana musu abin da ta lura da shi, su koma su rubuta da sunansu. Alhali kuwa ita ba mai tsintuwa ba ce kurum. Takan ari takardun masana ta kwafe su da hannu har da zane-zanensu, takan kuma feɗe kifayen zamani don ta gwada ƙirarsu da ta na dauri. Ita ce ta lura cewa wasu dunƙulallun duwatsu da ake samu a cikin cikin ƙwarangwal suna ƙunshe da ƙayar kifi da ɓawonsa, abin da ya kai William Buckland ga bayyanawa a 1829 cewa kashin dabbobin ne ya zama dutse. Ta haka aka sami hanyar sanin abincin halittun da suka ɓace.

A 1826 ta sayi gida ta buɗe kanti mai tagar gilashi. A 1828 ta gano ƙwarangwal ɗin wani ƙadangare mai fukafukai, irinsa na farko da aka samu a wajen ƙasar Jamus. Sunanta ya bazu har Sarkin Saxony, Frederick Augustus na Biyu, ya shiga kantinta a 1844 ya yi sayayya.

Aikin kuwa na sai da rai ne, domin lokacin da ya fi kyau da nema shi ne lokacin da gaɓa ke zaftarewa. A 1833 ƙasa ta rufto ta kashe karenta Tray a gabanta, ita ma saura ƙiris. A 1835 ta yi hasarar kimanin fam 300, kusan duk abin da ta tara, a wata harkar kuɗi da ta lalace. Abokanta cikin masana, musamman Buckland, suka yi ƙoƙari har aka yanka mata fam 25 a kowace shekara.

Mary Anning ta rasu ran 9 ga watan Maris, 1847, tana da shekara 47, bayan fama da ciwon daji na nono. Shugaban ƙungiyar nan da ba ta taɓa karɓarta ba, Henry De la Beche, wanda ya san ta tun suna yara, ya yi jawabin yabo a kanta, aka kuma sa tagar tunawa da ita a cocin garin a 1850.

Ilmin da ta taimaka aka kafa ya yaɗu har ƙasashenmu. A ƙasar Sakkwato an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku wanda aka raɗa wa suna Goronyosoras saboda Goronyo, a Gadufawa ta Jamhuriyar Nijar kuma an sami na manyan dabbobin dauri iri-iri.

A shekarar 2001 hukumar UNESCO ta sa gaɓar tekun nan mai tsawon kimanin mil 95 cikin wuraren tarihi na duniya, a 2022 kuma aka kafa mutum-mutumin Mary a Lyme Regis, da guduma a hannu da kwando, karenta na biye. Baƙin da ke zuwa neman duwatsu akan gargaɗe su su fita sa'ad da teku ke janyewa, su tsinci abin da ya riga ya faɗo bakin ruwa, su kuma nisanci gindin gaɓar da ta kusa binne ta.